Babi na Biyar: Yinin Yaro a Gidan Karatu, Daga Asuba Zuwa Lisha

Wanda ya baro Garwa ya nufi Marwa a kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, bayan tafiyar kimanin kilomita 90 zai fara hango dogayen gine-ginen kamfanin siminti na Cimencam da manyan motoci jere a bakin titi. Figil ke nan, a gundumar Mayo-Luti, garin siminti da farar ƙasa da dutsen marmara, ga iyakar Cadi kusa ta hanyar Lere. Gidar ne da Fulani da Mundang da Hausawa 'yan kasuwa da ma'aikata daga kudancin Kamaru suke zaune tare. Ɗan Bahaushen da ya tashi a nan yana jin Hausa a ɗakin uwarsa, Fulatanci a kasuwa da wurin wasa, Larabci a kan allo, Faransanci a lekol, wato makarantar boko. Kafin ya cika shekara bakwai harsuna huɗu sun riga sun yi masa sallama, kowanne yana neman rabonsa a cikin yini guda.

Gidan da ya cire ɗansa daga makarantar boko ɗungurum don ya koyar da shi da kansa, irin yadda ake yi a Amurka, ba kasafai ake samunsa a nan ba, kuma ba shi nake kira a yi ba. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya wajabta karatun firamare, tun shekarar 2000 kuma aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. Amma karatun gida yana nan da ransa. Akwai yara 'yan shekara uku zuwa shida da ba a kai su ajin rainon yara ba, saboda kuɗi ko nisa. Akwai 'ya'yan malamai da ke fara allo a zauren ubansu. Akwai dogon hutu daga Yuni zuwa farkon Satumba, wata uku cur. Ba a kuma manta da 18 ga Maris 2020 ba, ranar da aka rufe makarantun Kamaru saboda cutar korona. 'Yan ajin jarrabawa ne kawai suka koma a farkon Yuni, sauran sai Oktoba. Gidan talabijin na ƙasa, CRTV, ya riƙa sa darussa, to amma sai mai akwatin kallo da wutar lantarki. A watannin nan kowace uwa ta zama malama, ko ta shirya ko ba ta shirya ba.

Abin da iyaye suka fi yi in sun ɗauki niyya shi ne su kwaikwayi jadawalin lekol: ƙarfe bakwai da rabi karatu, takwas da kwata lissafi, tara rubutu, har bayan azahar. A rubuta a takarda, a manna a bango. Ba a cika mako biyu ba takardar ta zama abin da ke sa uwa jin kunyar kanta, don baƙuwa ta zo, jariri ya kwana da zazzaɓi, famfo ya kawo ruwa a daidai lokacin lissafi. An tsara jadawalin lekol ne don malami ɗaya mai fama da yara masu yawan gaske, wanda rabin lokacinsa ke tafiya wajen kiran suna da tsawatarwa da jiran kowa ya gama kwafe abin da ke kan allo. Uwa mai yara biyu ko uku a kan tabarma ba ta da wannan asarar, don haka ba ta bukatar waɗannan awoyin.

Gida yana da nasa agogo tun kafin a kawo na bango: salloli biyar, da rana. A Figil fitowar rana da faɗuwarta ba sa gusawa sosai daga ƙarfe shida zuwa ƙarfe shida duk shekara, kiran salla kuma ba ya fashi. Ƙaramin yaro bai san ƙarfe tara ba, amma ya san "in mun sha koko", ya san "in Baba ya dawo daga masallaci". Abin da ke zaunar masa da hankali shi ne ya san me ke biye da me. Idan kullum bayan wanke ido sai allo, bayan allo sai kari, bayan kari sai shara, bayan shara sai littafi, to ko an makara da rabin awa tsarin bai rushe ba. Jerin ne ake riƙewa, awar kuma a bar ta ta ɗan yi gaba ko baya.

Daga asuba zuwa hantsi shi ne lokacin da ya fi kowanne tsada, kuma zafin ƙasar nan ya ƙara masa daraja. A watannin Maris da Afrilu zafi a yankin Garwa kan wuce digiri 40, ɗakin kwano tun ƙarfe goma ya fara turiri. Malaman allo sun daɗe da gane haka, shi ya sa karatunsu na safe ne da na yamma da na dare, tsakiyar rana kuwa a saki yara.

A ce gida ne mai yarinya 'yar shekara shida da ƙanenta ɗan huɗu, ga jariri a goye. Gari ya yi haske, an shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro da ke tsakar gida, wuri ɗaya kullum. Yarinyar ta ɗauko allonta daga inda ake jingine shi. Ba a fara mata da sabon karatu ba, sai ta biya na jiya da na shekaranjiya tukuna, yatsa a kan baƙi. In ya zauna, ta kai allon bayan ɗaki ta wanke a cikin ƙwarya, ta jingine shi a rana ya sha iska. Uwar ta tsoma alƙalamin kara a tawada ta rubuta mata layi biyu, ko uku in ta ga kan ya ɗauka. "Inna, ƙara mini ɗaya." "A'a, riƙe wannan tukuna, gobe ma rana ce." Ƙanen yana gefe da ɗan guntun allonsa mai baƙaƙe uku, yana bin bakin yayarsa. Ba wanda ya ce masa ya zauna, in ya tashi ya bi kaza ba mai kiransa. Duk zaman bai wuce minti ashirin ba.

Hana ƙarin nan da uwar ta yi hikima ce babba. Yaron da aka tashe shi daga karatu yana marmarin ƙari, gobe da kansa zai ɗauko allo. Wanda aka matse sai da ya yi kuka, gobe sai an nemo shi. Fara zama da tilawa kuma abu ne da binciken zamani ya tarar da malamanmu a kai. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a kwanakin farko, kuma maimaici kaɗan-kaɗan a ranaku dabam-dabam ya fi maimaici mai yawa a zama ɗaya. Ibn Khaldun ya riga shi da shekara ɗari biyar: a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya gargaɗi malamai kada su bar tazara mai tsawo tsakanin darasi da darasi don tana jawo mantuwa, kada kuma su cakuɗa wa ɗalibi fannoni biyu a lokaci guda. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, nesa ba kusa ba.

Sai kari, koko da ƙosai ko ɗumamen tuwon dawa. Yaro mai jin yunwa ba ya karatu, kallon malami kawai yake yi. Sai ɗan aikin gida daidai ƙarfinsa: ya watsa wa kaji tsaba, ta tattara kwanuka. Bayan nan ne zama na biyu, na boko, kafin rana ta ɗaga.

A nan ne iyaye da yawa ke karaya, musamman uwar da ba ta yi nisa a lekol ba, tana ganin ba ta da Faransancin da za ta ba wani. Ina so in tsaya a kan wannan, don ina ganin ana yi wa mata irinta rashin adalci, su ma suna yi wa kansu. Abin da ɗan shekara biyar ya fi bukata kafin ajin farko, wanda ake kira SIL, ba tarin kalmomin Faransanci ba ne. Yana bukatar ya iya riƙe alli, ya gane cewa zane a kan allo yana tsaye ne a madadin sauti, ya iya ƙirga abu yana taɓa shi, ya iya sauraron labari ya maimaita shi a jere. Duk wannan ana yin sa da Hausa, kuma yana bin yaro zuwa kowane harshe. Yarinyar da ta yi babbaƙu da farfaru a allo ta riga ta san cewa baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da gaɓa. Abin da ya rage a nuna mata shi ne na boko daga hagu yake farawa, shi ya sa ya kyautu a raba zaman biyu da kari da shara, kada hannunta ya rikice. Faransancin kuwa a bar wa wanda ya iya a gidan, yaya ko kawu ko uba, ya ɗauki minti goma da yamma: gaisuwa, sunayen abubuwan ɗaki, ƙirga zuwa ashirin, waƙoƙin yara.

Lissafi ba ya bukatar littafi a wannan shekarun. A zube gyaɗa goma a faifai, a ce ta raba wa mutum biyu, sannan mutum uku, ta ga da idonta cewa ɗaya ta yi saura. A tara murafun kwalba a jera su biyar-biyar. A ba ta tsabar sefa 100 a aike ta shagon ƙofar gida ta sayo abin 75, a tambaye ta tun kafin ta fita nawa za a ba ta canji. Wata malama 'yar Ingila, Charlotte Mason, wadda littafinta kan tarbiyya a gida ya fito a 1886 kuma masu koyar da 'ya'yansu a Turai da Amurka ke bin sa har yau, ta kafa tsarinta ne a kan gajerun darussa, minti goma zuwa ashirin ga ƙananan yara, a gama da safe, a bar musu sauran yini su yi ta yawo a waje suna kallon tsirrai da tsuntsaye. Ta ga abin da malamin zaure ya gani: hankalin yaro kaifi gare shi amma ba ya daɗewa, in aka wuce iyakarsa sai ya koyi zama gaban littafi zuciyarsa na wani wuri, wannan ɗabi'a kuwa wuyar fita gare ta.

Daga walaha zuwa azahar wasa ne, kuma ba ɓata lokaci ba ne. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 sun ce yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, da barcin awa 10 zuwa 13 har da na rana, kuma kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya. Langa da 'yar gala-gala da ginin ɗakin ƙasa da tura gare-gare sun cika wannan awo ba tare da an sayi komai ba. Abin lura a gari irin Figil shi ne babbar hanya da manyan motocinta, a san inda yara ke wasa da wanda ke tare da su. Bayan azahar a ci abinci a kwanta. Barcin rana a bazara ba zaɓi ba ne, ga yaro da uwarsa duka.

Bayan la'asar in an so a ɗan biya allo, minti goma, ba sabon rubutu. Tsakanin magariba da lisha kuwa na Kaka ne ko Gwaggo, in Allah ya sa akwai su a gidan. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi darasi ce cikakkiya: yaro na koyon jerin labari, da sababbin kalmomi, da hasashen abin da zai biyo baya. Kacici-kacici da karin magana da salon magana mai karya harshe duk nan ne wurinsu. Ba sa bukatar fitila, abin da ke da amfani a yankin da wutarsa ta dogara da madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda ruwanta kan ja baya da rani har a shiga rabon wuta. Wayar hannu ce ta cinye wannan lokaci a gidaje da yawa, babba na kallon nasa, yaro na kallon nasa. Bayan lisha sai barci. Lissafin a fili yake: yaron da za a tasa ƙarfe shida, in ana so ya sami awa goma, ƙarfe takwas ya kamata a ce ya kwanta. Tashin ɗan shekara huɗu da asubar fari don a ce ya saba, alhali ya kai goma na dare ido biyu, cutarwa ce, kuma a kan allon za a ga sakamakonta.

Akwai wani abu game da mako da ban cika jin ana maganarsa ba, ga shi kuwa yana cin yara. Makarantar allo tana hutu Alhamis da Juma'a, lekol tana hutu Asabar da Lahadi. Yaron da ke zuwa duka biyun, in ba a lura ba, ba shi da rana ko ɗaya a mako da ba a ce masa zo ka yi karatu ba. Ranar da wannan ta sake shi, waccan ta kama shi. Sannan a ce yaron ya cika wasa, ba ya son karatu. Gidan da ke koyarwa da kansa yana da ikon da makarantun biyu ba su da shi, ya zaɓi rana guda ya bar ta fayau. Juma'a ta fi dacewa: wanka, kitso, yanke farce, bin Baba masallaci, gaida dangi. Wata rana kuma a fita da su. Zane-zanen da mutanen dauri suka sassaƙa a kan duwatsun marmara na Bidzar suna nan kusa a hanyar Marwa, kwazazzabon Kola da kogin Mayo-Luti ya ƙwaƙule yana wajen garin Gidar. Mutane na tasowa daga nesa su kalle su, yaran da aka haifa a gefensu da yawa ba a taɓa kai su ba.

Shekara ma ba ta tafiya bai ɗaya. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, safiya ta gona ce a gidajen manoma, sai a mayar da zaman boko bayan la'asar a riƙe allon safe ko da minti biyar ne. Da kaka ga cirar gyaɗa, ga tsinkar auduga da ake kai wa Sodecoton. Da hunturu sanyi da ƙura kan sa a jinkirta fitowa tsakar gida sai rana ta ɗan fito. Da azumi uwa ba ta da ƙarfin yamma, sai a tattara komai a safiya. Ba laifi a rage, abin gudu shi ne a yanke gaba ɗaya har wata guda, don sake ɗaura zaren ya fi riƙe shi wuya.

Duk wannan tsari a wuyan mace yake, gara a faɗa a fili. Ita ce mai girki, mai wanki, mai goyo, sau da yawa mai 'yar sana'a a cikin gida, ga shi an ƙara mata malanta. Jadawalin da bai lissafa aikinta ba ba zai kai ko'ina ba. Maigidan da ke son 'ya'yansa su yi karatu a gida sai ya ɗauki wani yanki da sunansa: tilawar bayan magariba, ko Faransancin yamma, ko riƙe jariri minti ashirin kafin ya fita kasuwa. In ma'aikacin kamfani ne mai aikin dare a wani mako, a matsar da rabonsa zuwa lokacin da yake gida maimakon a yafe masa. A gidan da ke da mata biyu, wadda ba ta da girki ranar ita ce da tabarmar karatu, yaran kuma a haɗa su ba tare da ware na wannan ɗaki da na wancan ba. Haka nan a duba rabon aiki tsakanin yara. Abin da aka saba gani shi ne a tashi yarinya daga kan allo ta je ta ɗauki ƙanenta ko ta fita talla, namijin ya ci gaba da zamansa. Minti ashirin ɗinta na safe haƙƙinta ne, a bar mata.

Wannan ba baƙon ra'ayi ba ne a ƙasar da ta kasance cikin Fombina, masarautar da Modibbo Adama ya kafa da tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shehu ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma a gidansa ya fara gyara. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, a cikin gida ta yi karatu a hannun iyaye da 'yan uwa, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka a cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, waɗanda mace za ta iya biyawa tana cikin aikinta. Ta gina koyarwarta a kan yinin mace kamar yadda yake, da daka da kaɗi da raino a cikinsa.

Batun bulala kuwa, Ibn Khaldun ya keɓe masa fasali guda, inda ya bayyana cewa tsanani ga ƙananan ɗalibai yana kashe musu kuzari, ya koya musu ƙarya da ɓoye abin da ke ransu don tsoron hannun da ke kansu. A gida haɗarin ya fi girma, don malamar ita ce kuma wadda yaro ke gudu wurinta in an ɓata masa. Ranar da karatu ya ƙi shiga, a rufe, a ce "je ka sha ruwa, sai an jima". Ranar da uwar ce ranta ya ɓaci, tilawa kawai ta isa.

Saura takarda. A arewacin Kamaru yara da yawa na kaiwa ajin ƙarshe na firamare, CM2, sannan a gano ba su da takardar haihuwa, ba kuma a rubuta jarrabawar kammala firamare, CEP, ko ta shiga sakandare sai da ita. In lokacin da doka ta ɗiba don yin rajistar jariri ya wuce, sai an bi ta kotu, da shaidu da kuɗi da zirga-zirga. Yaron da ke karatu a gida ya fi kowa shiga wannan tarko, don ba wani shugaban makaranta da zai tambayi takardarsa da wuri. A yi ta tun ana shirin suna, a ofishin magajin gari. Idan kuma ya kusa shekara shida, tun daga watan Yuli a fara matsar da zaman boko zuwa ƙarfe bakwai da rabi, a ɗan tsawaita shi mako bayan mako, a bi da shi ta ƙofar makarantar da za a sa shi ya ga hanya ya ga aji. Allon sai ya koma bayan la'asar ko bayan magariba, yadda in Satumba ta zo ba za a rasa inda za a sa shi ba.